Ƙafar da Ba Ta Lanƙwasa, Birkin da Ya Koma Hannu: Martani

Malam, sau biyu na karanta rubutunka kafin in ɗauki alƙalami, domin ban so in amsa maka rai a ɓace. Ga wanda bai gani ba, abin da ka faɗa a taƙaice shi ne, ka ga wani babur mai ƙarin tayoyi ya kife da mai shi a wata kwana a hanyar Wudil, abin ya tsaya maka a rai. Daga nan ka yanke cewa babur abin hawa ne da aka ƙera don mai hannu biyu da ƙafa biyu lafiyayyu, kuma duk wanda gwiwarsa ko idon sawunsa ko wuyan hannunsa ya ƙage ba shi da hurumin hawansa. Ka ce masu walda na bakin titi da ke mayar da birki hannu, ko su ɗaura wa giya sanda, ajali suke haɗa wa mutane. Sai ka nemi hukuma ta riƙa kama duk babur ɗin da aka sauya wa tsari, masu lalura kuma a raba musu keken hannu ko su riƙa shiga A Daidaita Sahu. Na yarda tausayi ne ya sa ka rubuta, wanda ya ga jini a kwalta ba ya samun barci mai daɗi. Amma shawarar da ka kawo, in aka bi ta, ƙara jinin za ta yi, kuma daga cikin gidanmu na samo dalilin faɗin haka.

Yayana malamin firamare ne a wani ƙauye ta hanyar Garko, gidansa kuma a cikin garin Wudil. Wata shekara gab da damina ya zamo daga tsani yana gyaran indararo, ya karye a idon sawun dama. Aka yi ɗori, ƙashi ya kama, muka gode wa Allah. Sai dai da aka kwance karan, ƙafar ta ƙi lanƙwasa. Yana takawa, yana zuwa masallaci, in ba ka lura sosai ba ba za ka ga ɗingishin ba. Abin da ya rasa shi ne ɗan motsin nan na danna tafin ƙafa ƙasa, wanda ba wanda ke tunawa da shi sai ranar da ya ɓace. Kuma da wannan motsin ake taka birkin baya a kusan kowane babur da ke yawo a ƙasar nan.

Bai daina hawa ba, don albashin malamin firamare ba ya ɗaukar kuɗin acaɓa zuwa da dawowa kullum. Abin da ya koma yi shi ne, in zai tsaya sai ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya tun daga cinya, ya rabu da mataki, ya laluɓo birkin da dunduniya, sannan ya danna. Ka ƙiyasta lokacin da hakan ke ci. Babur da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa ɗayar da ya ɓata yana neman birki, tsawon ɗakuna uku ke nan ya wuce kafin taya ta fara jin an taɓa ta. Shekara biyu yana haka. Wata Juma'a, ranar kasuwa, kusa da gada, ga tireloli na lodin shanu daga kara, ga tifofin yashi na fitowa daga kogi, wani yaro ya turo kura ya shigo masa. Ƙafa ba ta kai ba, hannu ya riga ta, ya damƙe birkin gaba shi kaɗai a kan yashin da tifofi suka zubar a gefen kwalta, taya ta zame. Allah ya taƙaita, ƙujewa ce a hannu da kafaɗa, yaron kuma ko ƙwarzane.

Ga abin da nake so ka duba da kyau. A ranar nan, da jami'in da kake kira ya fito aiki da dokar da kake nema, ko kallon yayana ba zai yi ba. Babur ɗinsa yana nan yadda ya fito daga kwali, ba walda, ba sanda, ba ƙarin taya. Wanda zai kama shi ne mutumin da ya san jikinsa, ya yarda da abin da ya rasa, ya kashe kuɗinsa ya mayar da birki inda gaɓarsa mai lafiya take. Dokarka tana hukunta wanda ya gyara, tana sallamar wanda ya ɓoye. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma da zarar an fara kamen, duk mai irin lalurar yayana zai gane cewa hanyar tsira da babur ɗinsa ita ce ya bar shi yadda yake, ya ci gaba da laluben birki da dunduniya a tsakiyar kasuwa.

Kada ka ɗauka su kaɗan ne. Da ka ce masu lalura, hoton da ya zo maka na wanda shan inna ta taɓa ne, kuma suna nan, ba a nesa ba: yaro na ƙarshe da aka tabbatar ƙwayar cutar ta daji ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, maƙwabtanmu, a watan Yulin 2014. An ayyana Afirka ta rabu da wannan ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa a shekarun 1990 da farkon 2000 yanzu ne suka zama magidanta masu neman abinci. Bayansu akwai waɗanda ido ba ya gani. Akwai wanda aka yi wa ɗori gaɓa ta ƙage. Akwai mai amosanin jini da ƙashin ƙugunsa ya lalace saboda jini ba ya isa kansa, ba ya iya ɗaga ƙafa ya tsallake sirdi. Akwai dattijon da sanyin ƙashi ya kama yatsunsa, in ya matse kuloci sau ashirin tsakanin tasha da kara hannun sai ya mutu. Akwai wanda ƙuna ta janye wa fata a gwiwar hannu, da wanda kuturta ta warke ta bar masa yatsu a tanƙware. Ka tsaya a bakin gada ranar Juma'a ka riƙa kallon ƙafafu da hannuwa maimakon fuskoki, za ka ga abin da nake nufi.

Sai maganarka cewa masu ƙera babur sun san abin da suke yi da suka sa kowane abu a inda yake, don haka taɓa shi ganganci ne. Tsarin da ka sani, totur da birkin gaba a hannun dama, kuloci a hagu, giya a ƙafar hagu, birkin baya a ƙafar dama, yarjejeniya ce ta kasuwa, kuma ba ta daɗe ba. Baburan Ingila irin su Triumph da BSA da Norton a ƙafar dama giyarsu take, birki a hagu, har zuwa tsakiyar shekarun 1970 da dokar Amurka ta tilasta tsari ɗaya ga duk mai son sayarwa a can. Vespa da iyayenmu suka hau, wadda har yau wasu dattawan Kano ba su rabu da ita ba, giyarta a hannun hagu take, ana murɗa ta tare da kuloci. A Daidaita Sahun da kake tura mutane su shiga, direbanta da hannu yake sa giya. Honda kuwa da ta fito da Super Cub a 1958, da gangan ta cire kulocin hannu ta sa wanda ke kama kansa da kansa, don ɗan aike ya iya tuƙi da hannu ɗaya ɗayan yana riƙe da kaya. An ƙera fiye da miliyan 100 na wannan babur zuwa 2017, kuma roba-robar da ta cika Wudil jikarsa ce. Kamfanoni da kansu sun yi ta kai birki da giya daga wannan gaɓa zuwa waccan gwargwadon wanda suke so ya hau.

Akwai wani ɗan tseren babur ɗan Ostireliya, Mick Doohan. A 1992 ya faɗi a filin tsere na Assen a ƙasar Holan, ƙafarsa ta dama ta lalace har aka yi maganar yankewa. An ceto ƙafar, amma idon sawun bai ƙara taka birki yadda ya kamata ba, lalurar yayana ke nan sak. Injiniyoyinsa suka mayar masa da birkin baya hannun hagu, yana dannawa da babban yatsa. Da wannan birki ya ci kambun duniya na ajin manyan babura sau biyar a jere, daga 1994 zuwa 1998, a gudun da ya ninka na hanyar Gaya sau da yawa. Ban kawo shi don in ce kowane mai lalura gwani ne ba. Na kawo shi ne don a daina cewa birkin hannu dabara ce ta talauci da ba ta da asali a ilimi.

Yanzu bari in ba ka abin da yake naka, don a kan masu walda ka faɗi gaskiya, kuma ni ma na ɗanɗana. Bayan faɗuwar nan ta kusa da gada muka sayar da babur ɗin yayana muka sayi roba-roba, saboda hannun hagunta ba kuloci, wuri ne a buɗe. Muka kai wa wani mai walda, ya ce aikin awa ɗaya ne. Ya samo liba ta tsohon babur, ya ja waya zuwa tayar baya, ya ɗaure bakinta da ɗan noti, ya gwada a tsaye taya ta kama, muka biya muka tafi. Kwana tara wayar ta zame daga notin a kan hanyar makaranta, libar ta taɓo hannu ba abin da ya kama. Allah ya sa hanyar ba kowa. Mutumin ba mugu ba ne, kuma ya iya haɗa ƙofa da taga. Abin da bai sani ba, ba wanda ya taɓa koya masa.

Na biyu da muka je wurinsa bakanike ne da ya daɗe yana irin wannan aiki, kuma a wurinsa na gane cewa sana'a ce mai ƙa'idoji. Kafin ya taɓa babur sai da ya sa yayana ya zauna a kai, ya ce ya matse masa hannu, ya duba iya inda yatsunsa ke kaiwa. Ya yi mana bayani cewa ƙafa ta fi hannu ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka in ka ɗauko birkin da aka yi don ƙafa ka ba hannu yadda yake, ba zai kama sosai ba. Dole a ƙara wa ɗan ƙarfen da ke jan birkin a jikin taya tsawo, don hannu ya samu sauƙi. Amma in ka ƙara tsawon ya yi yawa, libar za ta yi tafiya mai nisa, ta taɓo hannun babur kafin birki ya gama kamawa. Tsakanin waɗannan biyun ake nemo daidai, kuma daidai ɗin wani ba na wani ba ne. Ya sa waya mai kauri mai dunƙulen kai irin na kamfani, ya bi da ita ta inda ba za ta karye a lanƙwasa ba, ya kauce wa salansa don zafi, ya murɗa kan babur dama da hagu har ƙarshe don ya ga ko wayar za ta ja birki da kanta. Bai cire birkin ƙafar ba, ya ce ko don ranar da wani zai ara. Sannan ya ce duk sati a duba, don takalmin birki yana cinyewa, libar kuma tana ƙara nisa ba ka sani ba.

A bakinsa na ji sauran. Mai matsalar ƙafar hagu, in dunduniyarsa na aiki, giya mai baki biyu irin ta Boxer ta ishe shi, gaba da tafi, baya da dunduniya. In ƙafar ba ta aiki sam, sai sanda, amma sandar giya wurinta babur marar kulocin hannu. In ka sa ta a mai kuloci, hagu na riƙe da kuloci, dama ce za ta saki totur da birkin gaba ta je neman sanda, kuma a daidai lokacin rage gudu ake yawan canza giya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi gani. Mai gwiwar da ba ta naɗewa, a matsar masa da mataki gaba, a ɗaga sirdi kaɗan, birki ko giyar wannan ɓangaren kuma su bi matakin. Mai ciwon ƙugu, babur mai buɗaɗɗen tsakiya da zai zura ƙafa ba sai ya tsallaka ba, da sitata mai lafiya don kada ya dogara da kiki. Mai wuyan hannun da ba ya murɗawa, a ɗaura wa totur ɗan faifan da tafin hannu zai danna, ko a mayar da shi na babban yatsa, ko a kai shi hagu. Sharaɗinsa ɗaya da ba ya sassauci, in aka saki totur ya koma da kansa nan take. Ya ce ba a gasa libar alminiyam a lanƙwasa, tana tsagewa daga ciki ta karye ranar da aka fi buƙatarta. Ba a kuma yin sandar birki da guntun rodin gini. Inda noti da maɗauri za su riƙe, ba a kai wuta jikin babur.

Ƙarin tayoyi, wanda shi ka gani ya kife, shi ne mafi wuya, kuma nan ne na fi jin tsoron da kake ji. Babur mai taya biyu kwanciya yake yi a kwana, jikin mahayi da na babur su karkata tare. Da zarar ka ƙara tayoyi a gefe ka hana shi kwanciya, ya zama wani abin hawa dabam, sai an juya kansa kamar mota, kuma nauyi waje yake tura shi. In tazarar tayoyin ta yi kaɗan, ko sirdi ya yi tsawo, ko aka shiga kwana da gudun mai taya biyu, tayar ciki za ta ɗaga. Akwai kuma wata illar: in tayoyin gefen an kafe su ba sifirin, a hanya mai rami ko gefen kwalbati sai su ɗauke nauyin, tayar tsakiya mai ja da birki ta rataye a iska. Duk waɗannan sanannun abubuwa ne masu sanannen magani, faɗi da sifirin da saukar da nauyi ƙasa, sai kuma koya wa mahayi cewa abin da ya hau yanzu ba irin wanda ya saba gani ba ne. Wanda ka gani ya faɗi, ina kyautata zaton ba wanda ya taɓa kai shi fili ya ce masa juya nan, rage a nan.

Madadin da ka kawo kuwa, ban ga alamar ka gwada shi a ƙasa ba. Keken hannu alheri ne, kuma Ƙungiyar Waɗanda Shan Inna Ta Shafa ta Kano, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta shafe shekaru tana ƙera shi da hannun masu lalurar kansu. Amma keken cikin unguwa ne. Ka ce wa mutum ya tuƙa shi da kafaɗa daga Utai ko Lajawa ko Indabo zuwa kasuwar Wudil, a cikin rairayi, da zafin watan Afrilu, ya koma da yamma? Mai ciwon wuyan hannu ko yatsu fa, da me zai murɗa shi? A Daidaita Sahu kuma ba ta bin kowace hanyar ƙauye, ba ta jiran malami ya tashi daga aji, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da kuɗin mota ya zama. A birni an hana acaɓa tun Janairun 2013, mutane suka koma Daidaita Sahu don tana ko'ina. Wudil tana kimanin kilomita 40 daga birni, a nan babur shi ne jakin gida, shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke kai taki gona. A shekarar 2013 ɗin nan dai jihar Kano ta yi dokar hana bara a titi. Ba zai yiwu a ce wa mutum kada ka roƙa, sannan a ƙwace abin da yake fita nema da shi ba.

Ta fuskar doka ma, abin da kake nema ya saɓa da abin da ke rubuce. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta a ware mutum saboda lalurarsa. Tun kafin ita, cikin azuzuwan lasisin tuƙi na Nijeriya akwai aji J, wanda aka keɓe wa masu lalurar jiki. Ma'ana hukuma ta daɗe da amincewa cewa za su tuƙa. Abin da ba a gina ba shi ne hanyar da mutumin Wudil zai bi daga lalurarsa zuwa wannan lasisi: wa zai auna shi, wa zai duba aikin da aka yi wa babur ɗinsa, a ina za a gwada shi. Wannan giɓin shi ya bar mutane a hannun duk mai injin walda da suka samu. Da a kansa ka yi rubutu, da ni ne na farkon sa hannu.

Wasu ƙasashen sun cike giɓin, kuma ba sai masu arziki ba. A Indiya, inda Boxer da Daidaita Sahu suke fitowa, ƙarin tayoyin gefe kaya ne da ake ƙerawa bisa ma'auni, cibiyar gwajin motoci da ke Pune tana tantance su, a ɗaura, a yi wa babur ɗin rajista a matsayin wanda aka daidaita wa mai shi. A can kuma tun Afrilun 2019 aka wajabta wa sababbin ƙananan babura birki mai haɗe, wanda in ka taka ɗaya yake taɓa tayoyin biyu, abin da zai taimaki mai gaɓa ɗaya lafiyayya ƙwarai. A Ingila ana rubuta wa mutum lamba 44 a lasisinsa, da ƙarin bayanin irin gyaran da babur ɗinsa ke buƙata, ko birki ne ko totur ko mataki. Ɗan sanda in ya tare shi, dubawa yake ko gyaran yana nan. Rashin gyaran ne laifi a can. Suna da ƙungiyar mahaya masu lalura tun 1991, aikinta taimaka wa mutane su samu gyaran da ya dace da jikinsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, in akwai garin da bai kamata a rasa wannan ba a jihar Kano, Wudil ce. Jami'ar kimiyya da fasaha tana nan tun 2001, wadda aka mayar wa suna Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022, da ɗaliban injiniya da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara. Ga kwalejin koyon sana'a ta gwamnati. Ga makarantar horar da manyan 'yan sanda, inda ake yaye waɗanda gobe za su tsaya a titi su yanke wa irin yayana hukunci. Asibitin ƙashi na Dala, da ke aiki tun 1959, tafiyar awa guda ce, da masu gashin ƙashi waɗanda auna iya motsin gaɓa da ƙarfin damƙa shi ne aikinsu na kullum. Ba abin da ya hana a haɗa waɗannan. Mai gashin ƙashi ya auna ya rubuta a takarda: idon sawun dama ba ya dannawa, damƙar hagu lafiya. Jami'a ta zana maɗauri da liba da ma'aunin tayoyin gefe guda huɗu ko biyar don baburan da aka fi hawa, ta gwada su har su karye don a san iyakarsu. A tara masu walda da kanikawan garin, irin na biyun da muka samu su koya wa irin na farkon, a ba wanda ya iya shaida. Kuɗin wannan bai kai na gina aji ɗaya ba.

Sannan gwaji, wanda shi ne zuciyar maganar. A samu fili, a ja layi, mutum ya taho da gudun da aka ƙayyade, a ɗaga masa hannu, a auna inda ya tsaya. Ya zagaya duwatsu dama da hagu, ya tashi a kan tudu ba tare da ya koma baya ba, ya sauke ƙafa ko ya nuna tayoyinsa na riƙe shi. Jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗurra su duba waya da noti da komawar totur. Wanda ya tsaya a cikin layi ya wuce, ko da wace gaɓa ya tsayar. Wanda ya kasa a sake duba gyaran, in an yi iya yi ya kasa, a gaya masa gaskiya cikin mutunci cewa babur ba nasa ba ne. Na san akwai irinsu, wanda ido ya raunana, wanda farfaɗiya ke kayarwa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa lura da gefe guda. Ban ce kowa ya hau ba. Ma'aunin dai ya zama tsayawar babur, kuma ina so a ja wa masu gaɓoɓi lafiyayyu layin nan su ma, don yaran da ke tashi sama da tayar gaba a kan gada da lodin mutum huɗu ba hular kwano, ba gwiwar ɗayansu da ta ƙage.

Mun yi wannan gwajin da kanmu, a filin ƙwallo bayan la'asar, da igiyar awon gona. Da birkin ƙafa yayana ya wuce layin da muka ja da taku mai yawa, sau uku a jere. Da birkin hannu ya tsaya kafin layin, sau uku. Shekara huɗu ke nan yana zuwa makaranta a haka, duk Asabar yana matse libar ya ga yatsu nawa ke shiga tsakaninta da hannun babur, in sun gaza biyu ya ɗaure noti. Igiyar tana nan, filin ma yana nan. In ka shigo Wudil, Malam, ka zo da duk babur ɗin da ka yarda da shi, ka hau naka ya hau nasa, a ja layi ɗaya. In kuma ka san inda mutumin da ya kife yake, ka taho da shi da babur ɗinsa, bakaniken nan ya auna tazarar tayoyin ya duba ko akwai sifirin.